Daga Atina Zuwa Adakar Baba: Tarihin Falsafa da Manɗiƙi a Taƙaice

Ina yi wa 'yan uwa mazauna Kurmi gaisuwa da fatan alheri, daga na Sabon Ibadan da Sasa, zuwa na Agege da Idi-Araba, har na Shagamu, Anacha da Fatakwal. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.

Shimfiɗa

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu wata gardama ce da ta tashi a cikin gidanmu. Ɗan yayana ya nemi gurbin karatun lauya a jami'a, da sunaye suka fito sai aka ba shi sashen falsafa. Yaron ya yi murna, uban kuwa ya ce ko sisinsa ba zai shiga wannan karatu ba. Da maganar ta kai majalisar da muke zama bayan sallar isha'i, wani dattijo cikin abokan marigayi mahaifinmu ya ce shi dai abin da ya ji daga malamansa shi ne, duk wanda ya shiga manɗiƙi ya kama hanyar zindiƙanci. Wani kuma ya ce falsafa surutun Turawa ne kawai, ba ta kawo tuwo balle miya. Na ce wa yayana, "Yaya, a yi mini haƙurin mako ɗaya kafin a yanke hukunci." Ya ce, "Na ba ka, amma ka zo mini da hujja."

Na koma na buɗe adakar littattafan Baba, Allah Ya jiƙansa. Shi ɗan kasuwar goro ne, amma bai bar karatun zaure ba har ya koma ga Mahaliccinsa. A ƙarƙashin Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala sai na ci karo da wani siririn littafi wanda takardarsa ta yi ruwan ɗorawa, gefensa cike da ajami na hannun Baba. Sunansa As-Sullamul Munauraƙ, kuma daga farkonsa har ƙarshensa manɗiƙi ne. Ashe abin da muke gardama a kansa ya daɗe yana kwance a ɗakinmu. Wannan ya sa na bi sawunsa a baya, in ga inda ya taso da hannayen da ya bi kafin ya iso adakar ɗan goro.

Kafin mu tafi, bari mu rarrabe kalmomin biyu. Falsafa asalinta Girkanci ce, ma'anarta son hikima, Larabawa suka ara, mu kuma muka ara daga gare su. Ita ce bincike da hankali a kan manyan tambayoyi, kamar asalin samuwa, da hanyar sanin gaskiya, da ma'anar adalci. Manɗiƙi kuwa kalmar Larabci ce daga nuɗƙi, wato furuci, kuma shi ne ilimin auna hujja, a gane wadda ta tsayu da wadda ta karkace. Idan falsafa haja ce, to manɗiƙi shi ne sikeli. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan bambanci, don kusan duk rigimar da za mu gani a gaba a kansa ta ta'allaƙa.

Zamanin Girkawa

Masu tarihi kan fara ƙirga daga wani mutum mai suna Talis, wanda ya rayu a birnin Miletus da ke gaɓar tekun ƙasar Turkiyya ta yau, wajen shekara 600 kafin Miladiyya. Shi ya ce asalin komai ruwa ne. Amsar ba daidai ba ce, amma ana tunawa da shi ne saboda ya nemi dalilin abubuwa ta hanyar nazari, bai jingina ga tatsuniyoyin gumakan mutanensa ba. Waɗanda suka biyo bayansa a garin ba su yarda da shi ba, har ɗayansu ya ce iska ce asali, kowa ya kawo dalilinsa. Daga nan al'adar ja-in-ja bisa hujja ta kafu a tsakaninsu.

Ba a daɗe ba aka gane cewa ita kanta hujja tana iya yaudara. Wani Zeno mutumin Eliya a kudancin Italiya ya ce idan gwanin gudu ya ba kunkuru rata, ba zai taɓa cim masa ba, domin kafin ya kai inda kunkurun yake, kunkurun ya ɗan gusa, kafin ya kai can kuma ya sake gusawa, haka har abada. Ko yaro ya san wannan ba gaskiya ba ne, amma nuna daidai inda hujjar ta karye ya ba masana wahala ƙarni bayan ƙarni. A birnin Atina kuma aka samu malaman haya masu koya wa 'ya'yan masu hali yadda za su ci gardama a kotu da majalisa. Daga sunan waɗannan ne Larabci ya samu kalmar safsaɗa, wato hujjar yaudara.

Suƙraɗu, wanda 'yan boko ke kira Sokratis, shi ya tsaya musu. Bai rubuta littafi ko ɗaya ba. Aikinsa shi ne ya tare mutum a kasuwa ya tambaye shi ma'anar jarumta ko adalci, ya yi ta bin amsar da tambaya har mutumin ya ga ashe bai san abin da yake tsammanin ya sani ba. Manyan gari ba su ji daɗin haka ba. A shekara ta 399 kafin Miladiyya aka yanke masa hukuncin kisa bisa zargin ɓata matasa da rashin girmama gumakan gari, ya sha guba yana da shekara kusan 70. Ɗalibinsa Aflaɗon shi ya rubuta hirarrakinsa, ya kuma buɗe makarantar Akademiya wajen shekara ta 387.

A wannan makaranta ne wani yaro ɗan shekara 17 ya zo karatu daga garin Istagira a arewacin ƙasar, ya kuma zauna shekara 20. Shi ne Arisɗo, ko Aristotal, wanda aka haifa a shekara ta 384. Wani abu da ya ja hankalina game da shi shi ne, duk tsawon zamansa a Atina baƙo ne, doka ba ta ba shi damar mallakar fili ko jefa ƙuri'a ba. Ya koyar da yariman Makidoniya wanda daga baya ya zama Iskandar mai cin ƙasashe, sannan ya dawo ya buɗe tasa makarantar a 335. Da Iskandar ya mutu a 323, mutanen Atina suka tasar wa duk mai alaƙa da Makidoniya, shi ma aka shirya masa tuhuma, sai ya tattara ya koma garin dangin mahaifiyarsa, inda ya rasu a 322. Duk wanda ya taɓa kwashe iyali cikin dare saboda wani abu ya faru a wani gari mai nisa, ya san irin wannan tafiya.

Abin da Arisɗo ya ƙirƙiro

Littattafansa shida na manɗiƙi an haɗa su daga baya aka kira su Oganon, wato kayan aiki. Zuciyarsu ita ce abin da Larabawa suka fassara da ƙiyasi: magana biyu da idan ka yarda da su, dole ka yarda da ta uku. Misali, duk hatsi abinci ne, duk gero hatsi ne, saboda haka duk gero abinci ne. Abin da ya gano shi ne, ƙarfin wannan hujja yana cikin ƙirarta. Cire gero da hatsi ka sa duk abin da ka ga dama, muddin ƙirar tana nan kuma maganganun biyu gaskiya ne, to ta ukun ba ta da makawa. Don haka ne ya riƙa sa haruffa a madadin sunaye, kuma shi ne na farko da aka sani ya yi hakan.

To ga wata kuma: duk ɓarawo yana yawon dare, mai gadi yana yawon dare, saboda haka mai gadi ɓarawo ne. Maganganun biyu na farko gaskiya ne, amma ƙirar ta lalace, don ba a ce duk mai yawon dare ɓarawo ne ba. Ga ta uku: duk mai rawani malami ne, wane yana da rawani, saboda haka wane malami ne. A nan ƙirar lafiyarta ƙalau, maganar farko ce ƙarya. Wato hujja tana rushewa ta hanya biyu, ko ta ginin ko ta tubalin. A littafin ƙarshe na shidan ya lissafa hanyoyi 13 da ake yaudarar mutane da su a gardama, kuma har gobe za ka ji su a bakin 'yan siyasa da 'yan talla.

Bayansa wasu masana da ke koyarwa a wata rumfa a kasuwar Atina, waɗanda Larabawa ke kira Riwaƙiyyun, wato 'yan rumfa, suka buɗe wani reshen, na maganganun sharaɗi. Idan an yi ruwa ƙasa za ta jiƙe. An yi ruwa. To ƙasa ta jiƙe. Wannan ta tsayu. Amma ganin ƙasa a jiƙe bai tabbatar da an yi ruwa ba, wataƙila kurar mai ga-ruwa ce ta kife. Gwaninsu Kirisibus, wanda ya rasu wajen 206 kafin Miladiyya, an ruwaito ya rubuta littattafai sama da 700, amma ba wanda ya iso gare mu cikakke.

Kada mai karatu ya ɗauka Girkawa ne kaɗai Allah Ya ba wannan basira. A Indiya akwai mazhabar Niyaya mai hujja mai matakai biyar, wadda shahararren misalinta shi ne gane akwai wuta a kan dutse saboda ganin hayaƙi. A ƙasar Sin ma mabiyan malami Mozi sun yi rubutu a kan ƙa'idojin gardama. Sai dai silsilar da ta iso gare mu ta Arisɗo ce, don haka ita za mu bi.

Daga Girkanci zuwa Larabci

A ƙarni na 3 Miladiyya wani Furfuriyus mutumin Taya, a Labanon ta yau, ya rubuta 'yar gabatarwa ga manɗiƙin Arisɗo mai suna Isaguji, kuma ita ta zama littafin farko na duk ɗalibin wannan fanni na fiye da shekara dubu. A shekarar 529 Sarkin Rum Justiniyan ya hana koyar da falsafa a Atina, wasu malaman suka yi hijira zuwa fadar Kisra na Farisa. Waɗanda suka riƙe littattafan bayan nan su ne malaman Kirista masu magana da harshen Suryaniyanci a Sham da Iraƙi, waɗanda suka fassara su a gidajen ibadarsu.

Da Halifa Mansur ya gina Bagadaza a 762, sai harkar fassara ta samu kasuwa, ta kuma bunƙasa a zamanin Ma'amun, daga 813 zuwa 833. Manyan masu fassarar, irin su Hunainu ɗan Ishaƙ da ya rasu a 873 da ɗansa Ishaƙ, Kiristoci ne, masu biyansu kuma sarakuna da attajiran Musulmi. Alkindi, Balarabe na farko da ya shahara a falsafa, a wannan zamani ya rayu.

Tun a lokacin akwai masu ƙyamar baƙon ilimin. Wajen shekarar 932 aka yi wata shahararriyar muƙabala a majalisar waziri Ibnul Furat, tsakanin Abu Bishir Matta, Kirista masanin manɗiƙi, da Abu Sa'id Sirafi, gwanin nahawu. Matta ya ce manɗiƙi yana duba ma'ana ne, ita kuwa ma'ana ɗaya ce a wurin kowace al'umma, kamar yadda lissafi yake. Sirafi ya ce ba haka ba ne, wannan nahawun Girkawa ne aka sa masa rawani, kuma mai lafiyayyen hankali da ya san harshensa ba ya buƙatarsa. Har ya ƙure Matta da tambaya a kan ma'anonin harafin wawun a Larabci. Kamar yadda aka ruwaito, mahalarta sun ba Sirafi nasara. Amma ilimin bai mutu ba. Alfarabi, wanda ya yi karatu a hannun malaman Kirista na Bagadaza ya kuma rasu a Dimashƙa a 950, shi ya zaunar da manɗiƙi daram cikin Larabci, har aka yi masa laƙabi da Malami na Biyu, wato bayan Arisɗo.

Sai Ibnu Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara wajen 980 ya rasu a Hamadan a 1037. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya karanta littafin Arisɗo na bayan-ɗabi'a sau 40 bai gane ba, sai da ya sayi wani ɗan littafin Alfarabi a kasuwa kan dirhami uku sannan ƙofa ta buɗe masa. Bai tsaya ga sharhi ba, ya sake gina fannin a littattafansa Asshifa da Al'isharat, ya faɗaɗa bincike a kan maganganun sharaɗi da kuma yadda lokaci ke shiga cikin hukunci. Daga bayansa, manɗiƙin da ake karantawa a makarantun Musulmi ya fi zama na Ibnu Sina fiye da na Arisɗo.

Imamu Gazali ya raba haja da sikeli

A nan ne jigon gardamar gidanmu yake. Imamu Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, ya zauna ya karanci falsafa sosai, sannan wajen 1095 ya rubuta Tahafutul Falasifa. Ya tuhumi masu falsafa a mas'aloli 20, ya ce uku daga ciki kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a jumlace, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Wannan shi ne abin da mutane suka fi riƙewa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shi wannan Gazalin ya rubuta littattafai musamman na koyar da manɗiƙi, irin su Mi'iyarul Ilmi da Mihakkun Nazari, kuma ya buɗe babban littafinsa na usulul fiƙhi, Almustasfa, da gabatarwa ta manɗiƙi. Wato ya ƙi wani ɓangare na hajar, amma ya riƙe sikelin, har da shi ya auna hajar ya nuna tauyewarta.

A Andalus, Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba kuma Bamalike mai littafin Bidayatul Mujtahid, ya mayar wa Gazali martani da Tahafutut Tahafut. A 1195 aka kore shi daga fada aka ƙone wasu littattafansa, daga baya aka yafe masa, ya rasu a Marrakish a 1198.

Masu haramtawa ma manya ne, ba a raina su. Ibnus Salah, malamin hadisi da ya rasu a 1245, ya ba da fatawar haramci, Imamu Nawawi ma haka. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya rubuta littafi guda na raddi, kuma sukarsa mai nauyi ce. Ya ce ba ka isa ka san hukuncin "duk" ba sai ta hanyar ganin ɗaiɗaiku, to idan ka riga ka san ɗaiɗaikun, wane sabon ilimi ƙiyasin ya ƙara maka? Duk da haka ra'ayin Gazali ne ya yi rinjaye a makarantu. A ƙarni na 13 aka rubuta taƙaitattun littattafan da ɗalibai suka yi ta haddacewa, irin su Isaguji na Abhari, da Shamsiyya ta Katibi, da Jumal na Khunaji.

Turai ta karɓa

A wancan lokaci abin da Turawan yamma ke da shi na manɗiƙi kaɗan ne, yawancinsa fassarar Latin ta wani Boyitiyus da aka kashe wajen 524. Bayan da birnin Ɗulaiɗila, wato Toledo, ya faɗa hannun Kiristoci a 1085, sai ya zama cibiyar fassara daga Larabci zuwa Latin. Ta nan da wasu wurare littattafan Alfarabi da Ibnu Sina, daga baya kuma sharhohin Ibnu Rushdi, suka shiga sababbin jami'o'in Faris da Okusfod. Abin mamaki, irin rigimar da aka yi a Bagadaza ita aka maimaita. A 1210 malaman coci suka hana karantar da littattafan Arisɗo na ɗabi'a a Faris, a 1277 kuma babban limamin cocin birnin ya haramta maganganu 219. A tsakanin nan ne Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi ƙoƙarin daidaita Arisɗo da aƙidar Kirista, yana yawan ambaton Ibnu Sina da Ibnu Rushdi, wani wuri ya yarda da su wani wuri ya ja. A ƙarni na 14 Wiliyam na Okam ya shahara da ƙa'idar cewa kada a yawaita dalilai inda kaɗan ya wadatar.

Daga ƙarni na 16 abubuwa suka fara juyawa. Injin buga littattafai ya yaɗu, littafin Kofanikus na 1543 ya ce ƙasa ce ke kewaya rana, masu hangen taurari suka fara ganin abubuwan da suka saɓa wa Arisɗo. A 1620 Faransis Bekon na Ingila ya fitar da littafin da ya kira Sabon Oganon, inda ya ce ƙiyasi yana tsara abin da aka riga aka sani ne kawai, sabon ilimi kuwa sai an tattara abubuwan da aka gani, an gwada, sannan a hau zuwa hukunci. Mai karatu zai ga kamar da ke tsakanin wannan da sukar Ibnu Taimiyya ta kusan shekara 300 kafin nan. A 1637 Dekat na Faransa ya ce zai yi shakkar duk abin da za a iya shakka, har ya tsaya a kan abu ɗaya da bai iya musawa ba, wato samuwar shi mai yin shakkar. Laibiniz na Jamus, wanda ya rasu a 1716, ya yi burin a mayar da tunani lissafi, yadda masu gardama za su zauna su ƙirga maimakon su yi ta hayaniya, kuma a 1703 ya wallafa bayani a kan ƙirga da sifili da ɗaya kawai, wanda a kansa kwamfuta da wayar hannunka ke aiki yau. Debid Hiyum na Sikotilan kuma ya ce ba ma ganin sababi da ido, abin da muke gani shi ne abu yana bin abu. Gazali ya riga shi tattauna wannan mas'ala da misalin wuta da auduga, ko da yake inda suka dosa ya bambanta.

A cikin masanan wannan zamani akwai ɗan Afirka ta Yamma, Anton Wilhelm Amo, mutumin yankin Aksim a Gana ta yau, wanda aka kai Turai yana yaro. Ya samu digirin dakta a Witinbag a 1734, ya koyar da falsafa a jami'o'in Halle da Jena, daga baya ya komo gida.

Yadda ya iso ƙasar Hausa

Tun kafin Bekon da Dekat, manɗiƙi ya riga ya ƙetaro Sahara. Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kuma rubuta masa littafin nasiha a kan mulki. Malami ne da aka sani da tsanani ƙwarai, amma yana da rubuce-rubuce a manɗiƙi, har da waƙe na koyar da shi. Ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ke haramta fannin, kuma shi ma Suyuɗin ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Hujjar Magili ita ce, ana gane gaskiya da kanta ne, kuma kasancewar wanda ya fara tsara wani ilimi ba Musulmi ba ne bai isa ya sa a jefar da shi ba. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, shi ya adana mana labarin wannan musaya, ya kuma ambaci cewa ya karanta waƙen Magili na manɗiƙi a wurin malaminsa Muhammadu Bagayogo. Haka nan duk wanda ya karanta tauhidin Shehu Sanusi, ya ji wajibi da mustahili da ja'izi a hukuncin hankali, to ya ɗanɗani wannan fanni ko bai san sunansa ba. Ko a gidan Shehu Usmanu, jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubutu a kan falsafa.

Shi kuwa littafin adakar Baba, wani matashi ɗan shekara 21 ne ya waƙe shi a ƙasar Aljeriya ta yau, a shekara ta 941 Hijira, wajen 1535 ke nan, cikin baitoci ɗari da arba'in da 'yan kai. Sunansa Abdurrahman Al'akhdari. Shi ne dai mai Ahalarin nan da aka koya mana alwala da ƙabli da ba'adi da shi muna yara. A cikin Sullam ɗin ya kawo saɓanin malamai gida uku: masu haramtawa, ya ambaci Ibnus Salah da Nawawi, da masu cewa ya kamata a koya, sannan ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai kaifin basira wanda ya riƙe Alƙur'ani da Sunna.

Kammalawa

Da mako ya cika na ɗauki littafin na kai wa yayana. Ya juya shi, ya ga hannun Baba a gefe, ya yi shiru na ɗan lokaci. Na ce, "Yaya, dattijonmu bai yi ƙarya ba, yana da manyan malamai a bayansa. Amma mai Ahalari da Gazali da Magili suna ɗaya gefen, kuma Baba a nan ya zauna." Na kuma gaya masa gaskiya cewa a jami'a yaron zai haɗu da maganganun da suka saɓa wa aƙidarmu, kamar yadda Gazali ya haɗu da su, kuma maganin abin shi ne ya tafi da guzurinsa. Aka tsaya a kan cewa zai tafi, da sharaɗin duk hutu zai zauna gaban malami a nan unguwa ya ci gaba da fiƙihu da tauhidi, ya kuma karance Sullam ɗin kakansa. Batun aiki bayan karatu kuwa, wannan na Allah ne.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan bincike shi ne misalin mai gadin nan. Mu da ke zaune a ƙasar wasu mun fi kowa sanin tsadar karkatacciyar hujja. Rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021 daga saɓanin mutane 'yan ƙalilan ya faro, ya ƙare da asarar rayuka da ƙonewar shaguna da gidaje, saboda an ɗauki laifin mutum ɗaya an shafa wa ƙabila guda. Mu ma kuma, idan za mu faɗi gaskiya, mukan yi wa Yarbawa da Ibo irin wannan hukunci a majalisunmu, mukan kuma tura saƙon waya ba tare da mun tambayi wa ya gani da idonsa ba. Idan yaranmu suka koyi tsayawa su duba ginin magana da tubalinta kafin su ɗauka, ko a zaure suka koya ko a jami'a, to an ci riba.

Wanda ke da adakar mahaifinsa a ɗaki, ina ba shi shawara ya buɗe ya duba. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuma malamai su gyara mini. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.